Ni da Ezra a Bakin Dogo

Talata, 9 ga Satumba, da hantsi. Ngaundare, Kamaru.

Shi ne. Ezra ne, ƙanena, da ransa.

Tun daga Mayahi nake gaya wa kaina kada in sa rai, don an taɓa kiranmu Damagaram muka je muka tarar da wani bawan Allah daban. Amma da na shiga ɗakin asibitin na ga ƙafar da ta leƙo daga ƙarƙashin bargo, ban jira ganin fuska ba. Babban yatsan nan ne da jaki ya taka tun muna yara. Na durƙushe na kama ƙafar.

Ya rame ƙwarai. Ya dube ni, na san ya gane ni, amma bai ce komai ba. Lokotoro, wato likita, ya ce tun da aka kawo shi kalma ɗaya aka ji a bakinsa, ita ce Mayahi. Da ita aka neme mu. Akwai wata ƴar wajen Tasawa da ke aure a nan, Gwaggo Hindu, tana sayar da abinci a ƙofar asibiti. Ita aka tambaya ko ta san garin, ita kuma ta buga wa danginta, har magana ta iso majami'armu.

Na kira Inna. Sai cewa take, "Keziya, kin taɓa shi? Da hannunki kin taɓa shi?" Na ce na taɓa. Na ji salular ta faɗi ƙasa, sannan na ji guɗa.

Su biyu suka bar gida farkon damina da kamiyo, babbar motar waken Alhaji Namadi, shi da Rabilu, ɗan Malam Salifu maƙwabcinmu. Tun daga nan ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Gado ɗaya na tarar.

Talata, bayan la'asar.

Zara'u matar Rabilu ta kira. Ban ɗauka ba.

Laraba, 10 ga Satumba, da azahar.

Ya sha kunu rabin kwano. Ina ta kallon maƙogwaronsa yana motsi kamar ban taɓa ganin mutum na haɗiya ba.

An sake masa bandeji. Na ga sawun igiya a wuyan hannuwansa duka biyun. Gobe zan sayo riga mai dogon hannu.

Alhamis, 11 ga Satumba, da safe.

Garin nan sanyi gare shi, ruwa kuma ba ya gajiya. Ina wanke masa fuska sai wani abu ya yi kuka daga nesa, kamar saniya amma saniyar da ta kai girman masallaci. Na zabura har na ɓarar da ruwan. Matar da ke jinyar gadon kusa ta yi mini dariya, ta ce jirgin ƙasa ne.

Ni ban taɓa ganin jirgin ƙasa ba sai a littafin lakwal, wato makaranta. Amma ba wannan ne abin rubutawa ba. Ezra ya ɗaga kai. Ya juya wajen taga ya tsaya yana saurare har kukan ya ɓace. Tun zuwana ban ga ya juya don wani abu ba.

Daga tagar ba a ganin komai sai katanga da igiyar shanya.

Jumma'a, 12 ga Satumba, da yamma.

Jandarma biyu sun zo. Sun yi tambaya da Faransanci, sun yi da Fulatanci, na maimaita masa da Hausa. Bango yake kallo. Babban cikinsu mutumin kirki ne, ya ce kada in matsa masa, sun saba ganin waɗanda suka fito daga hannun masu garkuwa da mutane a dajin can, wani sai ya yi wata biyu kafin bakinsa ya buɗe. Ya ce wani makiyayi ne ya tsince shi a bakin hanya. Na ce shi kaɗai? Ya ce shi kaɗai.

Zara'u ta kira. Ban ɗauka ba.

Litinin, 15 ga Satumba, da hantsi.

An sallame mu, amma lokotoro ya ce kada mu kama doguwar hanya tukuna, sai ƙafar ta yi ƙwari. Gwaggo Hindu ta ce ba zancen haya, ɗakin ɗiyarta da ta yi aure yana nan. Na ce mata, "Gwaggo, mu fa Kirista ne." Ta ce, "To, Kirista ba su barci?" Ta ɗauki jakata ta yi gaba.

Gidan yana bayan tashar jirgin kaya. Mijinta, Baba Abdul Razak, a can yake aiki wajen lodin shanu. Tun da na baro Mayahi ban ji ana ta Hausar gida ba sai a gidan nan. Ta yi mana tuwon hatsi da miyar kuka, ta ce hatsin daga Urafan ƙanenta ya aiko. Ezra ya cinye nasa.

Talata, 16 ga Satumba, da la'asar.

Jirgi ya yi kuka, Ezra ya miƙe ya nemi takalmi. Ban tambaye shi ba, na bi shi.

Katangar tasha doguwa ce, in ka tsaya gindinta ba ka ganin komai sai hayaƙi. Mun je ƙofa, mai gadi ya kore mu. A hanyar komawa muka ga tulin jar ƙasa da aka zube don gyaran hanya, Ezra ya hau da ɗingishinsa, ni ma na tattare zane na hau.

Wayyo! Ashe haka yake. Kan jirgin ja, taragu na biye da shi ɗaya bayan ɗaya, ka ce sun ƙare sai wasu su ɓullo. Akwai masu kama da akwati, akwai masu kama da ganga a kwance, baƙaƙe. Na sake baki ina kallo, sai na ji an ce a gefena, "Gazuwal."

Na waiwaya. Ba kowa sai shi.

Na ce, "Mi ka ce?" Ya nuna baƙaƙen da haɓa. "Gazuwal ne. Waɗancan na baya taki."

Wata nawa muna kuka, muna azumi, Fasto Bulus na tara mutane addu'a, in ya buɗe baki abin da zai fara ce wa yayarsa shi ne gazuwal, man manyan motoci. Na yi dariya har na zame daga kan tulin, zanena duk ya yi ja. Bai ƙara cewa komai ba yau. Ya isa. Na gode wa Ubangiji, ya isa.

Laraba, 17 ga Satumba, da safe.

Inna ta ce in kwatanta mata jirgin. Na ce ta ɗauki rumfunan kasuwar Mayahi duka ta ɗaure su da juna ta sa musu ƙafa. Ta ce ƙarya nake. Na ba Ezra salula, ya riƙe a kunne yana jin ta, ya ce, "Inna." Sai kuma ya miƙo mini.

Kafin mu kashe ta rage murya ta ce Malam Salifu ya shigo gaisuwa jiya, ya zauna a zaure, ya yi mata barka, bai tambayi komai ba. Ta ce da ya tambaya da ya fi mata sauƙi.

Alhamis, 18 ga Satumba, da azahar.

An kwashe tulin ƙasar. Baba Abdul Razak ya ce mu je mashigar motoci inda ake sauke ƙarfe a tare hanya, a can jirgi na wucewa dab da hancinka. Na tambaye shi ƙarfe nawa yake zuwa. Ya ce, "Ɗiyata, na mutane ne ke da lokaci. Na kaya sai ya ga dama."

Jumma'a, 19 ga Satumba, da yamma.

Da ban kai shi mashigar nan ba.

Gaskiya ne ana gani da kyau. Ƙasa na rawa a ƙarƙashin ƙafarka, kana jin zafin ƙarfe a fuska. Amma wurin cike yake da ƴan moto, masu babur, kowa na son ya kutsa kafin a sauke ƙarfen. Wani mai kaki da bindiga a kafaɗa ya daka musu tsawa. Ba da mu yake ba, ko kallonmu bai yi ba.

Ba zan rubuta yadda Ezra ya yi ba. Mutane sun taru. Wata mai sayar da ayaba ta taimake ni muka ɗaga shi daga ƙasa, muka raba hannuwansa da ya haɗe a bayansa.

Asabar, 20 ga Satumba, da azahar.

Bai fito ba. Bai ci ba.

Lahadi, 21 ga Satumba, da hantsi.

Na je sujada a wata majami'a kusa da kasuwa. Ban ji waƙoƙinsu ba amma na san muryar ɗaya, na rera da Hausa a hankali. Da na dawo na tarar Gwaggo Hindu zaune a ƙofar ɗakinsa tana tsinke zogale, tana ba shi labarin yadda aka kai ta Tasawa kallon kokawa tana yarinya. Ba ya amsawa, ita kuma ba ta jira amsa ba. Kwanon da ke gefensa babu komai a ciki.

Zara'u ta kira sau biyu. Ƙawata ce tun muna ɗaukar ruwa a rijiyar bayan gari. Ni na ɗinka kayan aurenta. Ban ɗauka ba.

Litinin, 22 ga Satumba, da la'asar.

Yau ni kaɗai na fita neman wuri. Abin da nake so: a ga jirgi, ba taro, ba mai kaki.

Na fara bin Baba Abdul Razak wajen lodin shanu. Wurin kallo ne sosai, taragun a tsaye suke, kana iya taɓa su. Manyan shanu jajaye ake turawa ciki za a kai su kudu. Amma wadda ta ƙi shiga sai a ɗaure ta a ja. Igiya ko'ina. Na ce wa Baba na gode, ba zan kawo shi nan ba. Ya dube ni ya ce, "Haka ne."

Daga nan na hau moto zuwa gindin dutsen da ke bayan gari, na taka da ƙafa. Na yi haki, takalmina ya tsinke, amma daga sama garin duka a tafin hannunka yake. Na zauna bisa wani falalen dutse har jirgi ya fito. A nan ne kaɗai na ga kansa da wutsiyarsa a lokaci guda, yana jan jiki cikin kore kamar zaren da aka ja a kan atamfa. Ba ƙara, sai kukan ya iso ka daga baya.

Laraba, 24 ga Satumba, da safe.

Ya yarda. Mun hau a hankali, yana hutawa a kan kowane dutse. Hazo ya rufe garin, muka zauna muna jira, na raba mana ƙosai. Da hazon ya yaye sai ga jirgi na shigowa daga kudu.

Ya ce, "Ya yi nisa. Ba a gane kayan."

Na ce, "Kai dai ba a iya maka." Ya yi ɗan murmushi, gefe ɗaya, irin na Baba marigayi.

A saukowa ya riƙe kafaɗata. Ya ce lodin tarago ɗaya ya fi na kamiyonsa. Ya ce in da akwai irin wannan a wajenmu da ba wanda zai kwana a daji saboda wake.

Alhamis, 25 ga Satumba, da yamma.

Mun samu wurin. Gwaggo Hindu ce ta tuna da shi, ta ce can take zuwa wanki lokacin tana amarya.

In ka bi layin dogo ka bar gidajen ƙarshe, akwai ƙaramar gada bisa rafi, da wani tsohon mangwaro a kan tudu. Dogon yana lanƙwasa a wurin, don haka dole jirgi ya rage gudu, yana tafe yana nishi kamar tsoho a hawa. Kana zaune a inuwa, yana wucewa a gabanka, kusa yadda za ka karanta rubutun jikinsa, nesa yadda ƙasa ba ta rawa. Ba kowa sai wata mata mai gasa masara da awakinta. Ba ta jin Hausa, ba na jin Fulatanci, mun yi ciniki da yatsu.

Direban jirgin ya ɗaga mana hannu. Ezra ya ɗaga masa.

Duk wanda ya zo Ngaundare yana son kallon jirgin kaya, kada ya ɓata ƙafarsa a tasha. Ya zo nan da la'asar, ya zo da abin shimfiɗa don tururuwa.

Jumma'a, 26 ga Satumba, da la'asar.

Gindin mangwaro. Auduga, in ji shi, da albasa.

Asabar, 27 ga Satumba, da la'asar.

Gindin mangwaro. Jirgi bai zo ba. Mun ci masara mun dawo. Ya yi mini tsiya a kan takalmin da na ɗinke da zaren buhu.

Litinin, 29 ga Satumba, bayan la'asar.

Muna zaune, jirgi ya ɓullo a kan lanƙwasa, mai tsawo, duk akwatuna. Daidai lokacin da ƙarar ta cika wurin Ezra ya fara magana. Ba ni yake kallo ba, taragun yake kallo. Ina ganin bakinsa na motsi, ina tsintar kalma ɗaya in rasa uku. Na so in ce ya dakata ya wuce, sai na gane da gangan ya zaɓi lokacin. Na matsa na sa kunnena kusa da bakinsa.

Jirgin ya wuce, shi bai tsaya ba. Ya yi ta faɗa har mai masara ta kashe wutarta ta kora awakinta. Da za ta wuce ta ajiye mana guda biyu a kan ganye, ba ta karɓi komai ba.

Abin da ya faɗa nasa ne. Na ji, na riƙe.

Talata, 30 ga Satumba, da safe.

Rabilu ya rasu. Na rubuta.

Talata, da azahar.

Na ce zan kira Fasto Bulus ya je ya gaya wa Malam Salifu. Ezra ya ce a'a. Ya ce, "Yaya, ni na fita da shi. Ni za ni faɗa, a gabansa, ba a salula ba."

Ina jin kunyar abin da zan rubuta, amma tun jiya ƙirjina ya yi sauƙi. Dutsen da nake ɗauke da shi tun ranar da na ga gado ɗaya, yanzu na san sunansa.

Zara'u ta kira. Na ɗauka. Na ce, "Zara'u, muna tahe." Ina jin kukan ɗanta a baya. Ta ce, "Ku nawa?" Na ce, "Ni da Ezra." Ta ce, "Allah shi kawo ku lahiya." Ta kashe.

Alhamis, 2 ga Oktoba, da hantsi.

Lokotoro ya duba ƙafar ya ce mu tafi. Jandarman nan mai kirki ya zo gida, Ezra ya ba shi amsa a zaure, ni ina tsakar gida ina tankaɗe da Gwaggo. Ta haɗa mana dambu da soyayyen nama na hanya, da saƙon turare zuwa ga ƙanenta a Urafan. Na yi ta gode mata. Ta ce in na ga kukar da ke bakin kasuwar Tasawa in gaishe ta.

Asabar, 4 ga Oktoba, da yamma. Kano.

Garwa, Yola, yanzu Kano. Duk shingen da muka zo sai in kama hannunsa ta saman riga, shi kuma ya kalli ƙasa har mu wuce. Mun wuce duka. A wani shingen ma shi ya miƙa takardunmu.

Litinin, 6 ga Oktoba, da azahar. Mayahi.

Gida. Hatsi ya nuna, tun daga Maraɗi gonaki sun yi fari da zangarniya. Inna ta tsaya a ƙofa ba ta iya takowa ba, shi ya je ya durƙusa. Ta shafa kansa, ta shafa fuskarsa, ta kai hannu za ta naɗe masa hannun riga, na girgiza mata kai, ta bari.

Mutanen majami'a sun cika gidan, maƙwabta ma. Daga gidan Malam Salifu an aiko da fura.

Litinin, bayan la'asar.

Ya yi wanka ya ce in raka shi. Malam Salifu na zaune a zaure bisa buzu, shi da ƙanensa. Na gaishe su na shige ciki wajen Zara'u. Tana zaune jikin danga, na zauna kusa da ita, kafaɗa da kafaɗa. Ana jin komai daga zaure.

Ezra bai yi kwana-kwana ba. Ya faɗi ranar, ya faɗi cewa zazzaɓi ne ya ƙarasa Rabilu, kansa na bisa cinyar Ezra, kuma bakinsa da kalmar shahada. Sauran bai faɗa ba, Malam kuma bai nema ba.

Malam ya ce, "An rufe shi?"

"Na rufe shi, Baba. Sun bar ni."

"Da mi ka gina ramin?"

"Da icce, da hannu. Na sa duwatsu a sama saboda namun daji."

"Ina ka juya huskarshi?"

"Gabas, Baba. Bisa hannunshi na dama, yadda na ga kuna yi. Na tuɓe rigata na lulluɓe shi. Sallar ce ban iya ba."

Na ji tsohon ya ja numfashi ya sake. Ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya sake cewa, "Alhamdu lillahi. Abin da ke ci na ke nan, ko yana yashe a daji. Salla tamu ce, gobe mu yi mai. Kai ka yi naka. Tashi daga ƙasa, ɗana, zo nan."

Zara'u ta kife kanta a cinyata. Ta yi kuka irin wanda aka daɗe ana tarewa. Da ta lafa na ce ta yafe mini kiran da ban ɗauka ba. Ta ce, "Tun na farko na sani. Amma da ba wanda ya faɗa, ban san ko ni matar aure ce ko mi ba. Yanzu in shiga takaba in yi mai addu'a da sunanshi."

Talata, 7 ga Oktoba, da hantsi.

An yi wa Rabilu salla a filin bayan masallaci. Mutane sun zo har daga ƙauyuka. Ezra da Fasto Bulus sun tsaya daga gefe a gindin bedi har aka shafa addu'a. Bayan nan duk wanda ya yi wa Malam gaisuwa sai ya zarce ya ba Ezra hannu.

Alhamis, 9 ga Oktoba, da azahar.

Na buɗe kekena na ɗinki. Ya yi tsatsa, na sa mai. Alhaji Namadi ya aiko a gaishe da Ezra, ya ce mota na nan duk ranar da ya so. Inna ta ce a gaya wa Alhaji ta gode, ta kuma ji.

Asabar, 11 ga Oktoba, da sassafe.

Yau ake girbin gonar Malam Salifu. Ina hura wuta na ji muryarsa ta saman katanga: "Ezra! Rana ta hito, kai muke jira!"

Daga cikin ɗaki Ezra ya amsa, "Ga ni nan, Baba!" da ƙarfi har kaji suka watse. Ya fito yana faɗa wai wa ya ɗauke masa hula, alhali tana kansa. Inna ta nuna masa da muciya. Ya taɓa, ya yi tsaki, ya fita yana dariya, ya bar ƙofa a buɗe.